Dickens mai tausayin talaka ne, ko talakan Ingila kaɗai?

Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Wani abu ne ya tsaya min a rai nace bari in kawo shi nan. Mu dai abin da aka koya mana shi ne Charles Dickens marubucin talakawa ne, gatan marayu, kowa da Oliver Twist ya san shi. To yanzu ina cikin Bleak House wanda ya fito 1852 zuwa 1853, sai ga wata mata Mrs Jellyby, gidanta kaca-kaca yara ba wanka ba abincin kirki, ɗaya ya gangaro daga bene ko ta kula, ita tana can tana ta rubuta wasiƙu kan yadda za a koya wa mutanen wani gari Borrioboola-Gha noman kofi. Kuma wai garin a gaɓar kogin Neja yake. Garin shi ya ƙirƙira amma kogin ai namu ne. Irin shaguɓen da yake mata kai ka ce duk wanda ya damu da baƙar fata taɓin hankali gare shi. Shi ne nake tambaya, tausayin mutumin nan na kowane talaka ne ko iyakarsa bakin tekun Ingila?

Zee:
hhhh sai yau ka sani? nidai fim din Oliver kawai na kalla kuma nayi kuka wlh

Malam Habu:
Wa'alaikumussalam Sadiq. Ba daga sama ya ciro Neja ba. A 1841 gwamnatin Birtaniya ta turo jiragen ruwa uku, Albert, Wilberforce da Soudan, suka shigo kogin. Mai ra'ayin shi ne Thomas Fowell Buxton, a ganinsa in aka koya wa mutane noman auduga da cinikin kayan gona sarakuna za su bar sayar da bayi. Suka yi yarjejeniya da Obi na Aboh da Attah na Idah, suka karɓi fili a wajen Lokoja mahaɗar Neja da Binuwai suka kafa gonar gwaji. Zazzaɓin cizon sauro ya ce ba ku isa ba, Turawa sama da 40 suka mutu, 1842 aka ce kowa ya dawo gida. A cikin ayarin har da Samuel Ajayi Crowther da wani Bajamushe ɗan mishan J. F. Schön, shi ne ya buga littafin kalmomin Hausa a 1843. Dickens ya yi sharhin labarin tafiyar a jaridar Examiner a 1848, abin da ya ce a taƙaice, a gama gyaran gida tukuna kafin a leƙa waje. To wannan haushin ne ya zuba a kan Jellyby. Ka ci gaba da karatun za ka ga Jo, yaron da ke sharar titi, zaune a ƙofar ofishin ƙungiyar yaɗa bishara a ƙasashen waje yana cin ɗan abin da ya samu, ba wanda ya ce masa ci kanka.

Baffa Ɗanlami:
To ni banga laifinsa ba. So duka so ne amma son kai ya fi. Yara na mutuwa a ƙofar gidanka ka tsallake su ka tafi Lokoja, wannan ai neman suna ne. Kuma mu muka ce su zo? Gonar gwajin nan ita ce ta zama ƙofa, a wannan Lokojan dai aka ɗaga tutarsu a 1900. Da sun ji maganar Dickens sun zauna a gida da ya fi mana

Malam Habu:
Baffa akwai ƙamshin gaskiya a maganarka. Kuma in mutum ya san abin da Dickens ya gani yana yaro zai gane dalilin zafinsa. A 1824 aka kulle babansa a kurkukun masu bashi na Marshalsea saboda bashin wajen fam 40 na wani mai burodi, uwar da ƙananan yaran suka tare a kurkukun da shi don haka ake yi a lokacin, shi kuma Charles yana ɗan shekara 12 aka kai shi kamfanin man goge takalmi yana manna takarda a jikin kwalba, sule 6 a sati. Bayan an saki uban ma uwar so ta yi ya koma aikin, abin da bai taɓa fita daga ransa ba kenan. Ya ɓoye maganar, jama'a ba su sani ba sai bayan mutuwarsa a 1870 da abokinsa John Forster ya rubuta tarihinsa.
Sannan ga dokar matalauta ta 1834. Kafin ita ana ba mabuƙaci ɗan taimako yana gidansa, ita kuma ta ce mai ƙarfi a jika in yana son taimako sai ya shiga gidan aikin matalauta, kuma da gangan aka tsananta zaman wurin don kada kowa ya yi sha'awa. A raba miji da mata, a raba uwa da ɗa, a ba ka dutse ka fasa. A Andover a 1845 an samu mutane suna gwaguyar ƙasusuwan da aka ba su su daka don yin taki. Oliver Twist ya fara fitowa 1837, shekara uku kacal bayan dokar, ka ga da ita yake faɗa kai tsaye.

Sadiq:
Malam duk na yarda, ba wanda ya ce bai sha wuya ba. Amma Baffa ka mayar da shi kamar mai adawa da mulkin mallaka alhali ba haka bane. Shi ba cewa yake a ƙyale mutanen Neja suna da nasu tsarin ba, cewa yake ba su kai a ɓata lokaci a kansu ba, ai da bambanci. A 1853 ya rubuta maƙala a mujallarsa Household Words bayan an kawo wasu Zulu Landan ana nuna su, zagi ne tsagwaronsa tun daga farko har ƙarshe. A 1857 da Indiyawa suka yi bore ya rubuta wa Angela Burdett-Coutts wasiƙa yana cewa da shi ne babban kwamanda a can da ya yi iya ƙoƙarinsa ya shafe jinsin gaba ɗaya. Wasiƙar na nan an buga ta

Zee:
innalillahi. mai Oliver din??

Ɗan Maraɗi:
Ku yi masa adalci mana. Ya je Amurka a 1842 ya dawo ya rubuta American Notes, babi guda ya ware yana tsine wa bauta, har tallace-tallacen jaridu na neman bayin da suka gudu ya kwafo, masu tabon bulala da yankakken kunne, don mutane su gani da idonsu. Kuma kowa ɗan zamaninsa ne, a lokacin duk haka suke tunani

Malam Habu:
Maganar 1842 gaskiya ce. Amma "duk haka suke" ɗin nan ita ce ban yarda da ita ba, ga dalili. Oktoban 1865 talakawa baƙar fata suka yi bore a Morant Bay ta Jamaika ƙarƙashin Paul Bogle, kan fili da rashin adalcin kotu. Gwamna Edward Eyre ya sa dokar soja, aka kashe mutum sama da 400, aka zane wajen 600 har da mata, aka ƙona gidaje kusan 1,000, aka rataye Bogle da ɗan majalisa George William Gordon. Da labari ya iso Ingila sai masana suka rabu biyu. John Stuart Mill ya jagoranci masu cewa a gurfanar da Eyre, Darwin da Huxley da Herbert Spencer suna bayansa. Ɗaya ɓangaren Carlyle, Ruskin, Tennyson, Kingsley, da Dickens, suna kare gwamna. Gari ɗaya, shekara ɗaya, jarida ɗaya suke karantawa. Kowa zaɓa ya yi.

Maman Ilham:
Tun ɗazu ina bin ku, Dickens Dickens kamar shi kaɗai ya riƙe alƙalami a ƙarnin. Ku dubi matan mana, a wajensu ma za ku fi ganin inda kuɗin ke fitowa, don su dole su yi lissafin kuɗi. Mace in ta yi aure a lokacin duk abin da ta mallaka ya zama na miji, sai 1870 aka fara sassautawa, 1882 aka gyara sosai. Jane Austen littafinta na farko a 1811 ko sunanta babu, cewa kawai aka yi wata mata ce ta rubuta. Mutane na ɗaukar Pride and Prejudice labarin soyayya ne kawai, alhali uwar nan da ake wa dariya tana da gaskiya, 'ya'ya mata biyar, gidan kuma a ƙa'idar gadonsa sai namiji, ranar da uban ya mutu wani ɗan uwa can zai zo ya karɓe. Ita kanta Austen bayan rasuwar babanta a 1805 ita da uwarta da yayarta a hannun 'yan uwanta maza suka dogara.
To a Mansfield Park na 1814 mai gidan yana da gona a Antigua, ya tafi can ya daidaita al'amura ya dawo, yarinyar da ake ba da labarinta ta tambaye shi kan cinikin bayi sai falon ya yi tsit. Jane Eyre na Charlotte Brontë kuma, 1847, matar da aka kulle a saman bene daga Jamaika aka auro ta saboda dukiyarta, ita Jane ɗin fam 20,000 ɗin da ya 'yantar da ita gadon kawunta ne daga Madeira. Kullum kuɗin daga ƙetare yake zuwa, labarin kuma baya bin sa can.

Sadiq:
Anti wannan tsit ɗin na Austen kina ganin suka ce ko kawar da kai?

Maman Ilham:
Ni ina ganin ta san me take yi, wadda ƙannenta... a'a yayanta ɗaya ƙaninta ɗaya duk sojan ruwa ne, ba za a ce ba ta san me ke faruwa a teku ba, kuma shekara bakwai kenan da hana cinikin bayi a 1807, maganar na bakin kowa. Amma layi biyu ne a littafi mai kauri, kada mu ɗora mata abin da ba ta ɗauka ba. Kuma ku tuna da aka zo soke bautar kanta a 1833 masu bayin aka biya diyya fam miliyan 20, bayin ko kwabo, aka ma ce su ci gaba da aiki wai suna koyon sana'a har 1838. Irin gidajen da ke cikin littattafan nan da yawa wannan kuɗin ya shige su

Zee:
nikam tambayata daban, meyasa littattafan suke da shegen tsawo haka? ance wai kalma kalma ake biyansa

Malam Habu:
Ba kalma ba Zee, kashi-kashi ne. Sabon littafin labari a lokacin mujalladi uku ake buga shi, kuɗinsa sule 31 da sisi, ya fi albashin sati na yawancin ma'aikata. Shi ya sa mutane haya suke yi. Wani Mudie ya buɗe laburaren haya a 1842, ka biya fam ɗaya da sule ɗaya a shekara kana karɓar mujalladi ɗaya-ɗaya, to shi uku ɗin nan riba ce a wajensa don mutum uku na karanta littafi ɗaya lokaci guda, kuma in ya ce littafi bai dace da iyali ba ya ƙi saye to marubucin ya shiga uku, shi ya sa za ki ga ana ta kewaye-kewaye a wasu maganganu. Dickens shi kuma tun Pickwick a 1836 ya bi ta wata hanyar, duk wata shafi 32 a kan sule ɗaya, kashi 20. Dole ya cika shafin, dole ya tsaya inda za ki ƙagu. Daidai da yadda marubutan Kano ke tsayar da littafi na ɗaya ana tsakiyar rikici a ce mu haɗu a na biyu. Ga jirgin ƙasa ya zo, Liverpool zuwa Manchester 1830, W H Smith ya buɗe rumfar littattafai a tashar Euston 1848, masu karatu suka yi ta ƙaruwa. Mujalladi ukun bai mutu ba sai 1894 da masu hayan da kansu suka ce sun gaji.

Anti Rabi:
Sadiq ka ce ko tausayinsa ya tsaya a bakin teku, ni nace ko ƙaramin tekun da ke tsakaninsu da Ailan bai tsallaka da kyau ba, kuma ba shi kaɗai ba. Tun 1 ga Janairu 1801 aka rushe majalisar Dublin aka haɗe ƙasar da Birtaniya, a takarda ƙasa ɗaya ce. Filaye mafi yawa na hannun tsirarun masu gida Furotestan, wasunsu ma a Landan suke zaune, talakawa 'yan Katolika suna haya, hatsi da dabba su tafi biyan kuɗin haya su kuma su rayu a kan dankalin turawa. 1845 cuta ta kama dankalin, ta maimaita shekara bayan shekara har wajen 1852. Ƙidayar 1841 mutum sama da miliyan 8, ta 1851 wajen miliyan 6 da rabi. Kusan miliyan ɗaya sun mutu, wajen miliyan sun yi hijira, kuma duk tsawon lokacin jirage na fita da abinci daga tashoshin ƙasar. Charles Trevelyan da ke riƙe da aikin agajin ya fi tsoron a ɓata kasuwa. A 1847 da aka buɗe wuraren dafa abinci sun ciyar da mutum miliyan 3, ka ga ana iyawa, sai aka rufe su bayan 'yan watanni aka kawo sharaɗin duk mai fili sama da rubu'in eka ba shi da taimako sai ya saki filin. Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya Abdulmajid ya aika fam 1,000, 'yan ƙabilar Choctaw a Amurka ma sun yi karo-karo.
A daidai shekarun nan Dickens na rubuta Dombey and Son. Ba shi da littafin labari ko ɗaya a kan yunwar.

Ɗan Maraɗi:
To su 'yan Ailan ɗin ba su da marubuta ne?

Anti Rabi:
Suna da su, amma duba su waye. Maria Edgeworth da ta rubuta Castle Rackrent a 1800 tana tona asirin masu gidajen haya, ita kanta 'yar mai gidan haya ce, ko da yake ta yi aikin agaji a yunwar tana tsohuwa. William Carleton shi ne ɗan manomi na gaske, The Black Prophet ya fito 1847 amma yunwar baya ta 1817 da 1822 ya ba da labari. Trollope Baturen Ingila ne da ya yi aikin gidan waya a can tun 1841, ya gani da idonsa, ya saka ta a Castle Richmond a 1860 amma yana kare gwamnati. Mai zafin ita ce Jane Elgee da ke sa hannu da Speranza a jaridar The Nation, waƙarta kan shekarar yunwa ta fito 1847, ita ce ta haifi Oscar Wilde a 1854. Waɗanda suka fi mutuwa kuwa talakawan yamma ne masu magana da harshen Gaelik, yawancinsu ba sa rubutu, makarantun gwamnati da aka kafa 1831 kuma da Turanci suke koyarwa. Mutanen suka tafi harshen ya bi su, sai 1893 su Douglas Hyde suka kafa ƙungiyar farfaɗo da shi. Shi ya sa manyan sunayen da muka sani, Wilde, Shaw, Bram Stoker da aka haifa a 1847 tsakiyar yunwar, duk Furotestan ɗin Dublin ne da suka tafi Landan neman masu karatu.

Maman Ilham:
Anti Rabi kin tuna min, baban su Brontë ma ɗan Ailan ne daga County Down, ɗan talakawa, Brunty ne sunan ya gyara shi. Kuma Heathcliff na littafin Emily Brontë, Wuthering Heights, a titin Liverpool aka tsince shi, baƙi-baƙi, yana wani yare da ba mai ganewa. Wasu masu nazari na cewa yaron Ailan ne don ɗan uwansu Branwell ya je Liverpool a 1845, wasu na cewa a'a a lissafin labarin wajen 1771 aka tsince shi lokacin da garin ke kan gaba a cinikin bayi. Emily ba ta faɗa ba, tarin fuka ya kashe ta 1848 tana da shekara 30

Alhaji Kumasi:
Ku dai bi a hankali da tausayin 'yan Ailan ɗin nan. An zalunce su ba musu, amma wanda ya ƙona Kumasi a 1874, Garnet Wolseley, haifaffen Dublin ne, kuma sojan Birtaniya a ƙarnin cike yake da su. Kada kuma wani ya yi saurin nuna yatsa, a yaƙin akwai Hausawa sojan wani hafsan Bature Glover a ɓangaren Turawan

Baffa Ɗanlami:
Yauwa Alhaji. Kowa da inda tausayinsa ya ƙare, shi ne maganata tun farko, me ya sa sai Dickens za a tsare

Sadiq:
Saboda shi aka ɗaga mana a matsayin ma'auni Baffa. Wolseley ba wanda ya ce min in so shi

Malam Habu:
Baffa ba kowa ba. Masaƙun Manchester da Elizabeth Gaskell ta rubuta a Mary Barton 1848 da North and South, audugarsu mafi yawa bayi ne ke nomawa a kudancin Amurka, man ja da ake shafa wa injuna da yin sabulu kuma daga bakin Neja yake zuwa Liverpool. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke 1861 audugar ta yanke, masaƙu suka tsaya, dubun dubatar ma'aikata suka rasa aiki. Duk da haka ranar 31 ga Disamba 1862 ma'aikata suka taru a Free Trade Hall suka rubuta wa shugaban Amurka Lincoln suna goyon bayan 'yanta bayi, ya ba su amsa a Janairun 1863, yau akwai gunkinsa a garin. Masu yunwa ne fa, irin waɗanda Dickens ya zana a Hard Times bayan ya je kallon yajin aikin Preston a 1854. Shi kuwa Dickens a lokacin yaƙin cewa yake ɓangaren Arewa na su Lincoln ba don bayi suke yi ba.

Baffa Ɗanlami:
Ba duka ma'aikatan ba Malam, wasu garuruwan masaƙa an yi taron goyon bayan jihohin Kudu masu bayi. Liverpool kuwa attajiranta Kudu suka bi, jirgin yaƙin Alabama a Birkenhead aka ƙera shi 1862, tsallaken kogi kawai

Malam Habu:
Haka ne, sun rabu, kuma rabuwar ita nake ta nuna maka.

Zee:
to Baffa kai da kake dan Liverpool sai kayi shiru hhhh. Sadiq in ka gama Bleak House din ka bani aro amma ka fadamin tukun Jo din ya rayu?

Sadiq:
Ban kai wurin ba, kuma Malam don Allah kar ka faɗa